Alwala da Ƙafar Hagu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Kai mai leƙa littafin mutane, tunda ka buɗe, zauna in ɗaure ka. Wane ne aka haifa a ruwa, ya girma a ruwa, ruwa ne cinsa, ruwa ne makwancinsa, amma da ya kama aiki sai ya ce kada wanda ya kuskura ya kawo masa ruwa? Yi ta tunani. Ba yau zan faɗa ba.

Ƙafata ce ta hagu. Wani ciwo ya fito a gindin ƙaramin yatsa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Sabon takalmi ne ya ci ni a bikin suna a Rusholme, ban ma ji ba, sai da matar ɗana ta ga jini a safa. Ciwon suga ya kashe mini jin ƙafar tun tuni. Bara'u, autana da nake zaune a gidansa nan unguwar Levenshulme ta Manchester, ya kwashe ni sai wurin GP, likitan unguwa, kamar wadda mota ta buge. GP ya turo mu clinic ɗin ƙafa, su kuma suka ce nas za ta riƙa zuwa gida Litinin da Alhamis.

Yau ta zo. Ashe 'yar Jos ce, Hausa a bakinta raɗau. Scholastica sunanta. Na ce harshena ya tsufa da wannan hawan dutse, Sikola zan ce. Ta ce Mama, ko Kande kika ce zan amsa, in dai za ki miƙo ƙafar.

Ta fito da wani abu fari kamar auduga da aka danne, ta yanka, ta ɗora a kan ciwon, ta rufe, ta naɗa bandeji. Wai da ciyawar teku ake yin sa. Ta yi wani dogon bayani a kai, ni kuwa ina tsakiyar ba ta labarin wani direban Jos da ya so aurena a tashar Ɗambatta, don haka ban kama komai ba sai na ƙarshe: kada ruwa ya taɓa shi, ko ɗigo.

Na ce alwala fa? Ta ce wannan kuma sai malamanku. Bara'u ya ce, "Inna, shafa kawai za ki yi a kan bandejin, ya halatta." Na ce na sani, kafin a haife ka na sani.

Ta bar kwalin abin a saman wardrobe don zuwanta na gaba.

Talata, 8 ga Oktoba

Na yi shafar. Na yi Azahar, na sallame, na zauna a kan darduma kamar wadda ta ci tuwo ba miya. Sai da na sake sallar. Ita ma haka.

Mahaifiyata da tsinke take tsayawa a kanmu muna alwala. Yatsa ɗaya-ɗaya, a tsettsefe, a cuɗa diddige. Tun ban yi wayo ba nake wanke ƙafar nan. Yanzu a ce in jiƙa hannu in shafa tsumma in tafi gaban Ubangiji.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na kulle banɗaki, na kwance. Niyyata in wanke sauran yatsun in mayar.

Abin da na gani. Audugar nan babu ita. Wani yauƙi ne a wurin, ruwan ɗorawa-ɗorawa, yana jan zare kamar kuɓewar da ta kwana, ga ƙarni kamar kasuwar kifi. Sai da na dafa bango. Kwana biyu kacal, ƙafa ta fara ruɓewa.

Idan Sikola ta ga wannan, asibiti. Idan asibiti suka gani, na san abin da suke yi wa ƙafar mai suga. Na ga Malam Ja'afar maƙwabcinmu a gida, ya tafi da ƙafa biyu ya dawo da sanda biyu.

Na wanke shi tas da ruwan ɗumi har sai da naman ya yi haske. Na yi alwalata cikakkiya. Na shafa man kaɗanyar da na zo da shi daga gida, na mayar da bandeji. Rabon da in ji daɗin La'asar irin na yau, na manta.

Ba wanda zan gaya wa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Da safe na hau kujera na sauko da kwalin, na goge man kaɗanyar, na yanka sabuwar audugar na ɗora kamar yadda na ga ta yi. Sikola ta zo ta buɗe. Ta ce abin mamaki, audugar kamar yanzu aka sa. Na ce jinina ne mai tsabta, mu 'yan Ɗambatta haka muke. Ta yi dariya, amma ta daɗe tana duban bakin ciwon. Wai ya yi fari ya yi laushi kamar hannun mai wanki.

"Mama, ba ya jiƙewa dai ko?"

Na ce da me zai jiƙe, hawaye?

Lahadi, 13 ga Oktoba

Zinatu ta bugo daga Birmingham. Jikata, 'yar Bara'u ta fari, ƙawata ta faɗa. Ita ma a kan ciyawar tekun take karatu a jami'a, digiri kan digiri. Na ce ubanki ya kawo ki Ingila ki zama likita, kin ƙare a yankan ciyawa, da kin faɗa tun wuri da na saya miki lauje da akuya.

Ta ce Hajiya tsohuwa, ciyawar nan ta fi akuyarki daraja. A jikin igiya ake noma ta cikin teku, can wajen Scotland. Ba gona, ba taki, ba ban ruwa. A yanke sama a bar gindi, ta sake tohowa. Na ce zogale ke nan, me ya kai ku har teku? Ta ce tana cikin ice cream ɗin da nake sata a firji, tana cikin farin maganin ƙwannafin da nake kurɓa bayan tuwo. Ita kuma aikinta, tana neman yadda za a yi alewar jelly ta yara da kwanson ƙwayar magani da ita, a huta da na ƙashin dabba da ba a san wa ya yanka ba. Wannan kam na ce Allah ya yi albarka.

Na so in tambaye ta. Har na ce, ita ciyawar, tana ruɓar da nama? Ta ce me ya faru? Muryarta ta canza. Na ce ba komai, wata ce ta tambaye ni a masallaci.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ciwon ya kai girman goro. Ba zafi. Da ma yana zafi, da na san inda muke.

Litinin, 21 ga Oktoba

An kama ni.

Tun jiya jikina zafi-zafi, ƙafar ta kumbura, silifas ya ƙi shiga. Sikola ta buɗe, ta sunkuya ta shinshina. Ta tashi ta ɗauko kwalin ta jijjiga shi, ya yi sauƙi da yawa. Ta je ta rufe ƙofar ɗakin.

"Mama, ni daga hagu nake fara naɗi. Wannan daga dama aka fara. Kuma a Bukuru na girma, na san warin man kaɗanya."

Na ce aljanu ne. Ba ta yi dariya ba. Wannan yarinya da kullum take dariya.

Sai na faɗa mata duka, alwalar da yauƙin. Ta rufe ido. Ta ce yauƙin nan shi ne aikin, haka ake so ya yi, ya sha ruwan ciwo ya zama haka ya lulluɓe naman, ta gaya mini tun ranar farko. Na ce kowa zai faɗi haka don ya kwantar da hankalin tsohuwa. Ta ce ba ta da lokacin kwantar mini da hankali, jan nan ya hau har tsakiyar ƙafa, yau ɗin nan za a kai ni asibiti, kuma dole ta gaya wa likita gaskiya.

Na riƙe hannunta na ce kada dai Bara'u ya ji. Ta ce, "Mama, in na rufa miki asiri yau, wata rana shi zai tura ki a keken guragu. Ki gaya masa da bakinki, ko in gaya masa da nawa."

Nata ne ya faɗa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An sallamo ni bayan ƙarin ruwa da allurai. Likitar wata doguwa ce mai sanyin murya, Bara'u na fassara. Hoto ya nuna kamar abin ya taɓa ƙashin yatsan. Za a ba ni magani mai ƙarfi a gani. In bai ja da baya ba, yatsan zai tafi. In ya ci gaba da hawa, ba yatsa kaɗai ba. Wannan na ƙarshen Bara'u bai fassara ba. Hannunta na gani, ta aza shi a ƙasan gwiwarta.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka hau Stockport Road. Sai Bara'u ya ce, "Inna, don Allah. Please." Shi ke nan. Yana kallon titi, haƙoransa a cije. Da ya yi mini faɗa da ya fi sauƙi.

Da yamma ya haɗa ni da limamin masallacinsu a waya. Liman ya karanto mini hukuncin shafa a kan ɗauri, da larabcinsa da fassara. Na ce na gode, Malam. Ai ba kaina ne bai sani ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Zinatu ta zo a jirgin ƙasa, ko gaisuwa ba ta gama ba ta wuce kicin. Ta dawo da faranti da ruwan gishiri a kofi. Ta yanki audugar ta aza a farantin, ta ɗiɗɗiga ruwan, ta ce in zuba ido.

Muna zaune abin ya kumbura ya narke. Ta sa cokali ta ɗago, yana jan zare. Shi ne dai. Ba launin, amma shi ne.

"To Hajiya, farantin ma suga gare shi? Shi ma a yanke masa ƙafa?"

Na ce marar kunya, da hannun nan na yi miki tsarki. Ta ce shi ya sa ta zo ramawa. Sai kuma ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka, tana magana da Turancinsu na Manchester mai sauri. Ban ji ko ɗaya ba. Na dai shafa kanta.

Ashe duk kwanakin nan maganin nake wankewa ina zubarwa a magudana.

Talata, 29 ga Oktoba

Ban kwance ba. Wallahi ban kwance ba. Sauran yatsun huɗu kawai na zuba wa ruwa da bakin buta, a hankali. Ruwa ne ba ya jin magana, ya gangara ya shiga. Na busar da bandejin da na'urar busar da gashi ta matar ɗana.

Sikola za ta gane.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ta gane. Ta canza, ta ɗaure, ta tattara kayanta. A bakin ƙofa ta ce, "Mama, ni ma ina addu'a. Kowace safiya sai na sa sunanki. Kada ki sa in ji kunya." Ta fita.

Gara zagi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Birmingham. Bara'u ya ce mu je mu gaida Raki, tunda na daɗe ina mita. Ya shimfiɗe ni a kujerar baya, ƙafa a kan filo kamar amaryar da ta sha lalle.

Ni da Raki tare muka yi tallar dafaffiyar gyaɗa a Ɗambatta, tare muka shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya. Tana wurin 'yarta a Small Heath. Bara ta ce mini a waya an yi mata ɗan aiki a asibiti. Ɗan aiki.

Muka shiga falo, tana kan keke, an rufa mata bargo a cinya. Ta ce Murja, kin tsufa, kin yi muni. Na ce ke kuwa ko tashi ba za ki yi ki tarbe ni ba, Ingila ta koya miki girman kai. Ta ce da wace ƙafar? Ta yaye bargon.

Ta dama daga gwiwa babu.

Ban san lokacin da na zauna ba. Bara'u ya sulale ya fita, wai zai gyara parking. Nan na gane shiri ne, shi da 'yarsa. Zan yi maganinsu daga baya.

Ta ce nata ƙaya ce ta kifi ta taka a kicin. Kullum sai ta jiƙa ƙafar a ruwan zafi da gishiri da kanwa, kamar yadda muke yi a gida, ba ta jin zafin, ashe dafa ta take yi. Tana faɗa tana dariya. Ni ban iya ba.

Da aka kira Azahar a wayarta, aka kawo mata roba da buta nan inda take. Ina kallo. Ta wanke hannu, fuska, ta yi shafar kai, ta sunkuya ta wanke ta hagun, yatsa ɗaya-ɗaya, irin tarbiyyarmu. Ta miƙe zaune ta goge hannu. Ta ga inda idona yake.

"Me kike jira? Na gama. Yanzu na fi ki saurin alwala."

Na ce Raki, zuciyarki tana kwanciya da ita haka?

Ta ce, "Da farko a'a. Na yi ta kuka a kan dardumar nan, ina ganin sallata guntuwa ce kamar ni. Sai wata rana na ce, to Raki, wa kike yi wa gardama? Shi ya ce ki kawo abin da kike da shi." Ta miƙo mini butar. "Ke da aka ce ki shafa tsumma ki ajiye ƙafarki, har kina da bakin magana. Ni a ba ni tsumman in shafa."

Na karɓa. Na wanke ta dama. Na jiƙa hannu na yarfe, na shafa bandejin sau ɗaya. Tana kallona kamar mahaifiyata da tsinke. Muka yi sallar a zaune, kafaɗa da kafaɗa, keke da kujera.

Ban sake sallar ba. A gidan mutane ne, kunya ta hana.

A hanyar dawowa na yi kamar ina barci.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban taɓa ba tun Asabar. Jan ya sauka daga tsakiyar ƙafa. Yatsan kuwa ya yi baƙi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Likita ta ce Talata za a yanke. Yatsan kaɗai, in Allah ya so, amma sai sun buɗe za su tabbatar. Na ce wa Bara'u ya tambaye ta, in na farka ta ina zan fara dubawa. Ya ƙi fassarawa.

Na yanke farcen sauran. Ban san dalili ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yatsan kaɗai.

Da na farfaɗo ban buɗe ido ba sai da na motsa diddige a kan zanin gado na ji yana gogawa. Sannan na buɗe.

Raki ta bugo ta ce barka, amma har yanzu ita ce gaba. Zinatu ta ce saura tara, aikin tsettsefewa ya ragu. Yaran nan ba su da tarbiyya, ban san wurin wa suka gado ba.

Ramin da aka bari, da audugar nan dai aka cika shi. Likita ta ce yanzu komai ya rataya a kan ya rufe. In ya sake ɓaci, a koma ɗakin tiyata.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Sikola ta dawo. Da ta buɗe, yauƙin na nan cike da ramin, da ƙarninsa da komai. Gabana ya faɗi duk da na sani. Ta ɗago shi a hankali ta nuna mini ƙasansa: nama ja, ƙwaya-ƙwaya kamar cikin gwaiba. Ta ce wannan shi ne sabo.

Ta ɗauki kwalin za ta tafi da shi. Ta tsaya, ta dube ni, ta mayar saman wardrobe.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Da Asuba hannuna ya kai kan kullin bandejin da kansa, kafin in farga. Na daɗe a zaune a bakin baho da butar a hannu. Har na ji Bara'u ya zo bayan ƙofa ya tsaya. Bai ƙwanƙwasa ba. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa.

Na shafa na fito. Ya yi kamar buroshi ya zo nema.

Litinin, 9 ga Disamba

Sikola ta auna da 'yar takardarta ta ce ramin ya koma rabi, daga mako mai zuwa sau ɗaya za ta riƙa zuwa. Na ce to wa zan ƙarasa wa labarin direban Jos? Ta ce ai ta gano ƙarya ce tun ranar farko. Na ce rabinsa gaskiya ne, motar da gaske akwai ta.

Ba wai na saba ba ne. Kada wani ya karanta ya je ya ce tsohuwa ta sauko. Sanyi ne ya yi yawa a garin nan, mutum ba ya son jiƙa ƙafa biyu. Sai dai yau na idar da La'asar har na naɗe darduma na kunna talabijin, can na tuna ban ma yi tunanin ƙafar ba.

Kai kuma mai leƙe, na ga ka gaji. Ciyawar teku ce. Tana ɗaure a ƙafata ta hagu, yau ma ba ta ga ruwa ba.